Mita Biyu Daidai

Goronyo,
9 ga Agusta.

Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina Inna, ina Sharifa da yara, ina mutanen Tungar Mode baki ɗaya? Na iso Goronyo lafiya, sai dai ƙafafuna har yau suna tuna mini da tudunku. Tunda an kashe layukan waya saboda mutanen daji, mun koma zamanin kakanni. Lawwali direba ya yarda zai riƙa kai mana takarda duk ranar da ya bi ta Wurno, ladansa goro.

Ka ce ranar da muka yi aiki ba ka gane komai ba, sai ƙarafa da wayoyi da ƙanwarka tana ba maza umarni. To ga bayanin a hankali. Ƙarafan nan arba'in da muka kafa a jere, daga saman tudu har bayan ɗakin Inna, wutar batir muke turawa ta cikinsu. Busasshiyar ƙasa tana tare wuta, jiƙaƙƙiya tana barinta ta wuce. Na'urar tana rubuta inda wutar ta sha wuya da inda ta wuce salin-alin, sai kwamfuta ta zana mana cikin tudun kamar an tsaga kabewa an leƙa. Ruwan gishirin da muka riƙa zubawa a gindin ƙarafan don wutar ta kama ne kawai. Ka gaya wa masu cewa asiri na zo binnewa.

Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Sama marmara ce da tsakuwa, kaurin mita shida. Ƙarƙashinta akwai shimfiɗar yumɓu da ta sha ruwa, kuma ta karkata ne zuwa gidajenmu. Ka ɗauki malmalar tuwo ka aza a kan miyar kuɓewa, ka ɗan karkata kwanon, to haka tudun nan yake zaune. Tsagar da ta fito a sama bara, wadda kuke cewa ta zafin rana ce, nan ne bakin malmalar.

Amma na'ura ba ta faɗin rana. Tana nuna inda zai zame, ba ta iya cewa ya fara tafiya ko yana tsaye. Wannan sai da ido, kuma idona kai ne. Turaku shida na kafa masu jan fenti, biyu-biyu, ɗaya sama da tsagar, ɗaya ƙasa da ita. Tsakanin kowane biyu mita biyu ne daidai, wato tsawon igiyar da na bar maka. Duk Juma'a ka miƙa igiyar a tsakaninsu. In ta kai, ka rubuta ta kai. In ta gaza, ka auna abin da ya rage da tef ka aiko mini, ko da faɗin yatsa ne.

Abu na biyu, kada ɗigon ruwa ya taɓa saman tudun nan ban da wanda Allah ya saukar. Na san gonar fadama ta gagare ka bana saboda mutanen nan, na kuma ga yadda kake kallon filin sama don yafin albasa. Ka yi haƙuri, Yaya. Ruwan da za ka ba albasa, yumɓun nan ne zai sha.

Maigari yana jiran takardata. In tudun yana tafiya, gidaje taran da ke gindinsa su tashi yanzu, in yana tsaye a jira rani. Na yi na yi da Inna ta tafi Rabah gidan Kawu Mu'azu ta yi damina, kana nan ka ji amsarta: "Ɗakin ga ubanku Sa'adu yag gina shi da hannunai. Ba ni hita sai ran da na'urakki tac ce in hita." Ka ga ke nan ran Inna yana bakin igiyar nan.

Ka gaishe ta, ka ce ta rage hawa gangare neman ganyen awaki. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Mashkura.

Tungar Mode, Wurno,
28 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanwata Mashkura,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Takardarki ta same ni, na karanta, na kuma karanta ma Inna inda ya shafe ta.

Ga awon da kinka ce. Juma'a ta farko, igiya ta kai, duka wuri uku. Juma'a ta biyu, ta kai. Jiya Juma'a ta uku, ta kai. Mita biyu daidai, ba ragi ba ƙari.

Batun ruwa kuma na ji.

An yi ruwa mai ƙarfi ran Talata. Gero ya yi kyau, sai tsuntsaye da sunka dame mu. Mutane ba su bar zancenki ba. Malam Halliru maƙwabcinmu ya ce tunda kin san inda ruwa yake ƙarƙashin ƙasa, ki zo ki nuna mashi inda zai gina rijiya, jakinshi ya gaji da zuwa gulbi. Wasu sun ce zinari kinka gani kinka yi shiru. Inna kuwa duk wadda ta shigo gidan sai ta ji cewa ɗiyarta tana ganin cikin ƙasa.

Maigari ya tare ni bakin masallaci yana tambaya. Gidaje tara ba wasa ba ne, Mashkura. Ga damina, ga rashin tsaro, ina za su? In hali ya yi ki aiko mashi da takardar, hankalin mutane ya kwanta.

Ki kula da kanki, kada ku yi yamma a hanya. Allah ya tsare.

Yayanki,
Ƙasimu Sa'adu.

Goronyo,
31 ga Agusta.

Yaya,

Sallama da gaisuwa gare ka da mutanen gida. Lawwali ya miƙo mini takardarka ina tsaye bakin gulbi, laka har gwiwa. Da hannun taɓo na buɗe ta, na yi hamdala da ƙarfi har abokan aikina suka juyo. Kwana ashirin rabona da barcin kirki.

Sai dai ka bar ni in ɗan yi mamaki. Mako uku a tsakiyar damina, ga ruwan Talatar nan, ko faɗin farce bai motsa ba? Abokin aikina Nasrullahi ya ce shi bai taɓa ganin tudu mai ladabi haka ba, ko dai mai awon ne bai hau ba. Na ce masa ya iya bakinsa. Na ce mutumin da ya goye ni ya haye gulbi da ni ranar jarrabawar shiga sakandare, ruwa har ƙirjinsa, ba zai ƙi hawa tudu sau ɗaya a mako don uwarsa ba. Sai da ya ba ni haƙuri.

Ga takardar Maigari nan, na sa hannu na buga hatimi. Na rubuta cewa haɗarin yana nan, amma tudun bai fara tafiya ba, ana iya jiran rani muddin awo bai canza ba, kuma ba a zuba ruwa a sama ba. Ƙaramar takardar ta Inna ce, ka karanta mata ka bar mata abarta. Na ce: Inna, ki kwana ɗakinki da daɗin rai, ran da ya kamata ki fita ni zan fara gaya miki.

Ka ci gaba da aiko awo duk mako, ko layi ɗaya ne. Ga busasshen kifi nan a raba, kan na Inna ne, kada Sharifa ta yi mini wayo. Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri.

Ƙanwarka,
Mashkura.

Rabah,
20 ga Satumba.

Taubashiyata Injiniya,

Salamu alaikum, mai ganin cikin ƙasa amma ba ta ganin hanyar gidan kawunta. Ya aiki, ya ruwa? Kawun naki, wato Baba, yana gaishe ki, ya ce ko sai ya aiko da ƙarafa an kafa a ƙofar gida kana ki zo. Ɗiyarmu Zinariya ta ce in gaya ma Gwaggonta haƙorinta biyu sun fita.

Kin ga an rubuta Rabah a kan takarda, kada ki ce yaji na yi. Yayanki ne ya kawo mu ni da yara, yau kwana tara, ya ce ke kinka ce a fitar da yara har ruwa ya ɗauke. To shi ne nake tambaya, har yaushe? Na baro wake a gona, na baro kaji hannun mutane. Kuma abin da ya ɗaure mani kai, in za a fitar da yara mi ya hana a fitar da Inna? Na tambaye shi ya ce ɗakinta ba ya kan hanya. Ni dai bokona bai yi nisa ba, amma ɗakin Inna ya fi namu kusa da tudu. Kafin mu taho ma ƙofar ɗakina ta daina rufuwa sai an ɗaga ta, bangon madafa kuwa ya tsage har kaza tana leƙowa.

Sannan don Allah ki rage ma bawan Allah wahala. Duk Juma'a da hantsi in na kai mashi abinci sama, sai in iske shi da guduma yana tumɓuke turakunki na sama yana matso da su don igiya ta kai. Farko faɗin yatsa biyu ya matsar, na ƙarshen da na gani ya kusa taƙi guda. Ramukan da ya bari sun jeru kamar gidan dara, Zinariya har tsakuwa take zubawa ciki. Na ce mashi wannan aiki ba ya ƙarewa ne? Ya ce haka kinka ce, dole igiya ta kai. Ke ma dai da rowa kike, mi zai hana ki aiko da doguwar igiya kowa ya huta?

Amma albasa, tubarkalla. Yafin ya yi kore shar, ba irinshi a Tunga. Tun da ruwan sama ya fara tsallake kwanaki ya aro inji, yana jawo ruwa daga kududdufi safe da yamma. Ya ce in anka yi dashe bana za mu manta da gonar fadama. Ya rame dai, ba ya cin abinci sosai, na ce ko aikin ne ya yi yawa.

Ki aiko da amsa ta hannun Lawwali in san ranar komawata. Kifinki ya iso, kuma kan ni na ci, ki kai ƙara inda za ki.

Taki har kullum,
Sharifa.

Goronyo,
22 ga Satumba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Sharifa ta rubuto mini daga Rabah. Kada ka ga laifinta, ita ba ta san abin da ta faɗa ba, tsokanata take yi. Sau uku na karanta takardar. 

Juma'a shida ka rubuto mini ta kai. Ga takardun nan gabana da rubutunka. Ni kuma na ɗauki maganarka na aza mata hatimi, na aika wa Maigari, na ce gidaje tara su kwanta su yi barci. Na ci mutuncin abokin aikina saboda kai. Na rubuta wa uwata da hannuna cewa ta zauna ƙarƙashin tudun da yake tafiya a kanta. Kai ka karanta mata, Yaya! Da wane baki ka karanta?

Ka san ma'anar abin da kake ɓoyewa? Daga yatsa biyu zuwa taƙi a mako biyar, tudun ba tafiya kawai yake ba, sauri yake ƙarawa. Kai kuma safe da yamma kana ɗura masa ruwa.

Da albasar ce kawai, da na ce talauci ne ya rufe maka ido, na san halin da kake ciki. Da turakun ne kawai, da na ce ba ka fahimta ba. Amma ka kwashe matarka da 'ya'yanka ka kai Rabah, ka ce ni na ce. Wanda bai fahimta ba ba ya kwashe 'ya'yansa. Ka sani sarai, ka zaɓi waɗanda za ka fitar, ka bar Inna. 

Na roƙi Lawwali ya ɗauke ni yanzu, ya ƙi. Tun abin da mutanen daji suka yi a hanyar Shinaka ba ya ɗaukar mace, shugabanmu kuma ya ce motar aiki ba ta fita sai an sami rakiyar jami'an tsaro, ba wanda ya san ranar. Saboda haka ka saurara. Ka kashe injin nan yanzu, kafin ka gama karanta wannan. Ka fitar da Inna yau, ko da goyo ne. Ga wata takarda a ciki zuwa ga Maigari, na janye ta farko, na ce gidaje taran su tashi a yau. Da na so da Lawwali ya kai masa kai tsaye. Na sa ta a hannunka ne don ka kai da kanka, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, kada a ji daga waje. Har yanzu rufa maka asiri nake, ka ga irin wautata.

Allah ya sa takardar nan ta riga tudun isowa.

Ƙanwarka,
Mashkura.

Tungar Mode, Wurno,
25 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanwata Mashkura,

Assalamu alaikum. Inna tana raye. Na fara da wannan don ki iya karanta saura.

Takardarki ta same ni ran Laraba da la'asar. Na kashe inji. Na je ƙofar Maigari na iske mutane cike ana hira, na gaishe su, na juyo da takardar cikin aljihu. Na ce sai gobe in ya kaɗaita.

Ran Alhamis bayan azahar anka yi ruwa. Yana ɗaukewa sai munka ji ƙara kamar tifa tana juye duwatsu, awaki sunka hau kuka, bangon madafa ya kwanta. Na yi ta ihu mutane su fita, na faɗa ɗakin Inna. Na iske ta zaune bakin gado da ƙaramar takardarki a hannu.

Na ce, "Inna, tashi, dutsi ya taho."

Ta ce, "Ɗiyata ta ce ita za ta hwara hwaɗa min. Ba ta hwaɗi ba."

Ƙasa tana zubowa daga rufi. Na kama hannunta ta fizge. Sai na ce, "Inna, abin da ɗiyakki tar rubuta, bisa ƙaryata tar rubuta shi. Ni ka matsad da turakun. Igiya ba ta kai ba tun Juma'a ta hwarko."

Ta dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallo ba, kuma ba na fatan sake gani. Kalma ɗaya ta ce, "Duƙa." Na duƙa ta hau bayana. Muna kaiwa bakin masallaci tudun ya sauko. Gidaje huɗu na yamma sun tafi, har da namu. Ɗakin Inna ko tsinin rufinshi ba a gani. Ba a rasa rai ba, sai Malam Halliru da ya koma kwance jakinshi, katanga ta karya mashi ƙafa. Jiya na kai Inna Rabah.

Kin tambaye ni da wane baki. Juma'ar farko na iske igiya ta gaza da yatsa biyu, ga kashin awaki a wurin. Na ɗauka wani ne ya ɗaure akuya a turken ta ja shi, sai na gyara, yadda muke gyara igiyar jan fangalin albasa in ta goce. Wallahi wannan ba da nufi ba ne. Juma'a ta biyu na gane. Amma na riga na yafa irin, kuma shi ke nan irin da nake da shi a duniya. Na ce mako ɗaya kawai. Kowace Juma'a haka nake cewa, mako ɗaya, a kai ga dashe. Sau uku na roƙi Inna ta bi su Sharifa, sai ta ɗaga mani takardarki. Ba yadda zan fitar da ita sai na faɗi abin da na yi, na kasa. Amma ni ban fita ba. A zaure na tare, na ce in tudun ya zo ya same mu tare. Na san wannan ba hujja ba ce, ina gaya maki ne kawai.

Yanzu ga abin da ake ciki. Mutane suna cewa ni na ceci Tunga da ihuna, har Maigari ya sa mani albarka gaban jama'a. Suna cewa na'urarki ce ta yi ƙarya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Takardarki ta biyu tana nan cikin aljihuna.

Mashkura, ke kina da aikinki, gobe kina Sakkwato, jibi wani gari. Ni nan anka haife ni, nan za a rufe ni. Ba ni da gida, ba ni da albasa, abin da ya rage mani shi ne in shiga masallaci a ba ni hannu. Ina roƙonki ki bar maganar yadda take.

Allah ya huci zuciyarki.

Yayanki,
Ƙasimu Sa'adu.

Rabah,
28 ga Satumba.

Mashkura,

Salamu alaikum, ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba. Yau ba tsokana. Na ji komai, kuma duk sanda na tuna ni ce na ce ki aiko da doguwar igiya sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da 'ya'yana muna nan muna cin tuwo, Inna tana can. Ban san yadda zan sake kallonshi ba.

Inna tana nan ɗakin Baba na baƙi, lafiyarta lau sai rashin magana. Jiya yayanki ya zo, ta amsa gaisuwarshi tana kallon bango. Takardarki tana ɗaure a haɓar zanenta, ko wanka za ta sai ta kwance ta aje ƙarƙashin matashi. Ta sa ni in rubuta maki wannan, ta ce kada in gyara ko kalma:

"Ki gaida ɗiyata, ki ce mata ina lahiya. Abin da yayanta yay yi na ji shi daga bakinai, ba sai an maimaita min ba. Amma shi na babba. Shi ka zama Tunga, shi za ya tsaya bisa gawata. In anka san zancen ga, wa za ya koma ba shi hannu? Ita tana da aikinta, tana da inda za ta. Ƙarhe ba ya jin kunya, ta bari a ce ƙarhe yay yi kuskure. Ban taɓa roƙonta komi ba, sai wanga ɗai."

Na rubuta yadda ta ce. Amma akwai abin da ba ta sani ba, kuma ni ba zan ɓoye maki ba, ɓoyon ya isa haka. Baba ya je jaje Tunga shekaranjiya. A gabanshi Lawwali ya kawo sabuwar takardar da kinka aika ma Maigari kai tsaye, wadda kinka ce gidaje biyar na gabas su tashi. Anka karanta, mutane sunka yi dariya. Wani ya ce wadda ta ce a zauna dutsi ya faɗo, yanzu kuma ita ce za ta ce a tashi? Sun ce abin da zai faɗo ya riga ya faɗo, ga dawa ta kusa, ba inda za su. Maigari ya juya ya tambayi yayanki, tunda yanzu shi ake gani masanin tudu. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani.

Baba ya zaga bayan gidajen nan biyar. Ya ce akwai sabuwar tsaga, ya zura sandarshi ta shige har mariƙi. Kuma tun jiya hadari yake haɗuwa gabas.

Ki yi abin da Allah ya nuna maki. 

Taki,
Sharifa.

Goronyo,
30 ga Satumba.

Zuwa ga Ƙasimu Sa'adu,

Assalamu alaikum.

An ba mu rakiya jibi Asabar. A ƙofar Maigari zan sauka, daga nan mu hau tudu da shi da masu gidaje biyar. Mutum talatin da ɗaya ne suke kwana a gidajen nan. Na san su da sunayensu, kai ma ka sani.

Da sunana ne kawai, da na bar maka shi, tunda Inna ta roƙa. Amma muddin suna ganin na'ura ce ta yi ƙarya, ba za su tashi ba. Na aika wa Inna cewa wannan karon ba zan iya ba. Ban sani ba ko za ta sake karɓar takarda daga hannuna.

Gobe Juma'a, kowa zai hallara a masallaci. In ka faɗa da bakinka, ran Asabar zan kafa sababbin turaku in yi shiru. In ba ka faɗa ba, ramukan suna nan a gefen da bai faɗo ba, shida-shida, za mu tsaya a kansu. Kada ka wahalar da kanka da cike su, ƙarafana suna gane ramin da aka cike. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan rubuta maka haka ba.

Ka bar mini igiyata a zauren Maigari.

Wassalam,
Mashkura Sa'adu.